Yadda ake komawa tsalle da laima bayan shekaru ba ka yi ba

Ranar nan a fada bayan isha'i muna jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya ɗauko bidiyon da na sa a WhatsApp shina nuna ma mutane, ga ni na hito daga ƙofar jirgi a mita 4000 ciki ƙasa hannuwa buɗe, sai wani dattijo da ke zaune gehe ya ce to Alhaji, kome nisan jifa dai ƙasa za shi faɗo, aka yi ta dariya. Daga ranar mutum uku suka neme ni, biyu sun taɓa yin wasan lokacin da suke karatu waje, ɗaya kuma tsohon sojan laima ne, kuma tambayarsu guda, ƙaƙa ka yi ka koma bayan wannan daɗewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaitawa a waya.

Ni a Faransa na koya ina ɗalibi, daga 2005 zuwa 2011 na yi tsalle 260, sai rashin lahiyar Baba ya maido ni Maradi na kama shago, aure, yara, shi ke nan. Jakar laimar na zo da ita na ɗora bisa almuwar a ɗaki, shekara 13 tana nan. A 2024 na koma. Abin da na gane a wannan tahiya shi ne karne, wato littahin da ake rubuta kowane tsalle a ciki, ba ya mantuwa amma hannu shina mantawa, kuma abin da bai manta ba ma ya hi haɗari, don kaya sun canza, jikinka ya canza, shi kuwa hannun shina nan a 2011. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya ginu.

Fara da zama da karnen tsallenka

Ɗauko shi ka duba ranar tsallen ƙarshe da yawan tsallen, da girman laimar da ka yi amfani da ita a ƙarshe. Ƙungiyar masu tsalle ta Amurka, USPA, wadda wurare da yawa a duniya ke bin tsarinta, tana da lisansi huɗu, A daga tsalle 25, B daga 50, C daga 200, D daga 500. Kuma ta ce mai A in ya kwana 60 bai yi tsalle ba sai malami ya sa mishi ido a tsallen komawa, mai B kwana 90, mai C da D kwana 180. To ka ji, wanda ya yi tsalle 500 ma wata shida kawai aka ba shi, kai kuma shekara goma kake magana. Don haka cire ma ranka cewa za ka je ka nuna takarda a ce bismilla hau jirgi.

Ka tattara karne, brebe wato takardar shaidar matakin da ka kai, tsohuwar lisansi, ka ɗauki hotonsu duka a waya. In karnen ya ɓace, rubuta ma kulob ɗin da ka koya ko ƙungiyar ƙasar, ta Faransa FFP ce, su ba ka shaidar brebenka. Sannan kamin ka sayi tikitin jirgi ka rubuta ma shugaban malaman wurin da za ka, ka gaya mishi gaskiya tsirararta: tsalle nawa, yaushe na ƙarshe, shekarunka, kilo nawa kake yanzu ba kilo nawa kake so ka zama ba, da ko ka taɓa yanke babbar laima ka buɗe ta ceto, wato laima ta biyu da ke cikin jaka. Shi zai ce maka ko bita ta yini ɗaya da tsalle da malami ta isa, ko sai ka sake darasin farko gaba ɗaya. Ni cewa aka yi in zauna ajin sabbin shiga tun daga sahe, na zauna da yaran da na girme su da shekara 20, kuma ban mutu ba.

Kai kuma yayana tsohon sojan laima, da girmamawa, naka daban ne. Tsallen soja da zagayayyar laima, igiya maƙale a jirgi tana buɗe maka, daga mita 400 ko ƙasa da haka, wani abu ne, laima mai kusurwa huɗu da ake tuƙawa kamar fiffike wani abu ne. Ba komawa za ka yi ba, farawa za ka yi, ta kwas ɗin sabbin shiga, PAC ko AFF yadda wurin ke kiranshi. Abin da za ka zo da shi mai amfani shi ne rashin tsoron ƙofa da iya mirginawa in an sauka, wannan kam ka hi mu.

Gida da lokotoro

Kada ka ɓoye ma iyali. Ni na fara da Inna, ta yi shiru ta ce wannan abin naka dai bai bar ka ba, ta sa albarka da sharaɗin in kira ta duk yamma. Maiɗakina ta hi wuya, sati biyu muna kai da komo. Na rubuta bashin da ake bina da wanda nike bi na ba ƙanena, wannan ko Yamai za ka ya kamata ka yi balle can. Ka kuma duba asiransin tahiya, da yawansu sun cire wasannin sama a ƙananan rubutu, sai ka nemi wanda ya ambaci tsalle da laima ƙarara.

Sai lokotoro. Wurare da dama suna neman takardar shaidar lahiya, ko ba su nema ba ka yi don kanka. A auna tansiyo da suga, a duba zuciya, a duba ido don yanzu ƙila agogon tsayi ba ya karantuwa sai da tabarau. Ka gaya mishi duk maganin da kake sha. Kafaɗa ita ce babbar magana, in ta taɓa gocewa ko sau ɗaya ka faɗa, don iskar kilomita 200 a awa tana iya sake gotar da ita, kuma hannun dama shi ke jawo laima. Ciwon baya, gwiwa, farfaɗiya, suma, duk a faɗa. Mura ma ba a tsalle da ita, hanci toshe ka sauko mita 3000 cikin minti ɗaya kunne zai gaya maka, mu da hunturu ke cika ma hanci da ƙura sai mu kiyaye.

Wata biyu kamin tahiya ka fara motsa jiki, tahiyar sauri da asuba, miƙa baya, kwanciya rub da ciki kana ɗaga ƙirji da cinyoyi kamar yadda ake banƙarewa a sama, ka riƙe daƙiƙa 20 ka saki. Ranar farko da na gwada a tabarma na ji bayana kamar busasshen kara.

Hau sikeli, nan maganar take

Nan zan daɗe don nan mutane ke karyewa. Ana lissahin nauyin da ke bisa laima haka: kilonka haɗe da kayan tsalle, kamar kilo 11, ka ninka da 2.2 ya koma laba, ka raba da faɗin laimar wanda ake rubutawa da ƙafa murabba'i. A 2011 ina kilo 72, da kaya 83, ya zama laba 183, laimata 150 ce, lissahi ya ba da 1.2. A 2024 tuwo da kilishi da zaman shago sun kai ni kilo 91, da kaya 102, laba 224, a bisa wannan laimar dai 150 lissahi ya koma 1.5. Laima ɗaya ce, launinta bai canza ba, amma da na hau ta da gudun da za ta yi da ni da yadda za ta nutse in na juya ba irin wanda na sani ba ne ko kusa, ga shi idona ya shekara 13 bai auna ƙasa tana tasowa ba.

Aka ba ni ta haya 230, lissahi ya dawo ƙasa da 1 kaɗan. Raina ya sosu wallahi, don a da 230 ta ƴan koyo ce muna yi musu dariya. Amma mai komawa ya nemi 1 ko ƙasa da haka, ko da a da shina tashi da 120. Kuma ba girma kaɗai ba, har da iri. In tsohuwar laimarka irin su Stiletto ce masu saurin juyawa, bar ta tukuna, nemi mai haƙuri irin Navigator ko Pilot ko Spectre. Yawancin munanan raunuka a wasan nan ba rashin buɗewar laima ke kawo su ba, laima lahiya lau a buɗe mutum ya juya kusa da ƙasa ya daki ƙasa da gudu. A 2023 USPA ta ƙirga mutuwa 10 cikin tsalle miliyan 3.65 a Amurka, abin ya ragu ƙwarai bisa da, amma ƙaramar laima a hannun wanda ya daɗe bai yi ba tana nan tana aikinta.

Ƙara da zahi. Iska mai zahi sakayau take, laima ba ta samun abin riƙewa sosai, saukar sai ta yi sauri birki ya rage ci, haka ma in hilin shina bisa tudu. Wanda ya san azahar ɗin Maradi a watan Afrilu ya san irin iskar da nike nuhi.

Tsohuwar jaka

Kada ka buɗe ta ka duba da ido ka ce ai sabuwa ce. Mai naɗin laimar ceto mai takarda kaɗai zai ce ta yi ko ba ta yi ba. A Amurka duk kwana 180 ake buɗe laimar ceto a duba a sake naɗewa, kamin ƙarshen 2008 ma kwana 120 ne, kowace ƙasa da nata wa'adin, amma babu inda aka yarda da shekara 13.

Ga abin da aka samu a tawa. Robobin da ke riƙe igiyoyi sun narke sun manne, wasu suna taɓawa suna gutsurewa, zahin ɗakinmu ne. Babbar laimar ta dunƙule kamar bulo sai da aka ɓamɓare ta da hannu. Aljihun roba na ƙasan jaka inda ƴar laimar da ke jawo babbar ke zama ya saki, wanda ke nuhin tana iya zamewa ta hito da kanta ana cikin faɗowa. Na'urar da ke buɗe laimar ceto da kanta in mutum ya suma, tawa Cypres 2 ce ta 2006, ranta shekara 12 da rabi ne, ta mutu tun tuni, ba a gyarawa sai sabuwa. Waɗanda aka ƙera daga 2017 suna kai shekara 15 da rabi, Vigil ta Beljiyam shekara 20. In taka Argus ce ka sani tun 2011 kamfanonin jaka da yawa suka hana sa ta. Laimar ceto kuma in ta Performance Designs ce akwai ƴan akwatuna a jikin takardarta da ake sa alama, naɗi 40 ko buɗewa 25 sai ta koma kamfani a gwada yadin, kuma masu naɗi da yawa ba sa taɓa wadda ta wuce shekara 20. Sai ɗamarar kanta, an ɗinka ta ne daidai jikin saurayi mai kilo 72, cinyata ta ƙi shiga yadda ya kamata, maɗaurin ƙirji da ƙyar.

Shawarata, tsallen farko goma ka yi su da kayan haya na wurin. In kana son a duba taka tahi da ita, ka riƙe ta a hannu cikin jirgi in an yarda, ka ɗauki katin nan na Cypres da ke nuna hoton na'urar don masu bincike a hilin jirgi, kada ka bari wani ya ja jan mariƙin yanke laima ko na ƙarhe mai buɗe ta ceto da sunan dubawa. In lissahin gyara ya kusa kuɗɗin wata ta hannu mai ƙarancin shekaru, bar ta ta zama abin tarihi. Kaske, tabarau da agogon tsayi su ma a gwada, agogon allura da ya sha ƙura shina iya maƙalewa.

Ina za ka, yaushe

Nan Maradi muna da hilin jirgi amma ba mu da wurin tsallen farar hula, dole sai an hita. Mahi sauƙi gare mu Maroko, akwai wurin tsalle a Beni Mellal gindin duwatsun Atlas, Turawa na cika shi lokacin sanyi, ana jin Faransanci, kuma akwai jirgi daga Yamai zuwa Kazablanka. Akwai Dubai ga masu zuwa sari, akwai Empuriabrava a Spen da Gap-Tallard a Faransa in kana da biza, akwai Swakopmund a Namibiya da wurare a Afirka ta Kudu. Ka ware sati guda aƙalla, don iska ko hadari na iya cinye maka kwana biyu kana zaune kana kallon sama, kuma ka yi kasahin kuɗɗin tsalle goma da hayar kaya da ladan malami, wanda ya zo da kuɗɗin tsalle biyu ya ɓata tikiti kawai. Ni ba na ba da shawarar a haɗa da azumi, ƙishirwa da ƙarancin iska a mita 4000 suna rage kaihin tunani.

In akwai rijiyar iska kusa, wato ɗakin gilashin nan da manyan fankoki ke hura iska daga ƙasa mutum ya yi shawagi, shiga minti 10 zuwa 15 da malami kamin ka hau jirgi. Minti ɗaya a ciki kamar faɗowar tsalle ɗaya ce. Akwai a Dubai da Abu Dabi da Empuriabrava. A zamaninmu abin tsada ne sai ƴan gasa, yanzu yara da shi suke farawa. Amma ka sani rijiya ba ta koya maka duba tsayi, ba ta koya maka laima, jiki kawai take tuna ma yadda ake kwanciya bisa iska.

Bitar ƙasa

A nan na kama kaina. An sa mini jakar haya aka ce taɓa mariƙin buɗewa, hannuna ya tahi da saurinshi ya damƙi iska, don jakar 230 ta hi tawa tsawo, mariƙin shina can ƙasa da inda na saba da kamar faɗin tahin hannu, kuma nawa ƙwallo ne wannan ɗan bututu ne. Malamar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba amma tsallenta ya haura dubu uku, ta ce sake, na sake, har sau 30 a tsaye da kwance. In kai tsoho ne sosai da ka saba da mariƙi a cinya ko na ja a ƙirji, naka aikin ya hi nawa.

Sai a rataye ka a ɗamarar gwaji a yi ta nuna maka hotunan matsala kana amsawa da hannu ba da baki ba. Jan mariƙi a dama shi ke yanke babbar laima ta zobba ukun nan da Bill Booth ya ƙirƙiro, na ƙarhe a hagu shi ke buɗe ta ceto. Duba, kama, yanke, sannan ja ta ceto, a jere, kuma ka tsaya bisa salon da ka koya tun farko, hannu ɗaya kowane mariƙi ko hannu biyu bisa ɗaya, sai in malami ya ga dalilin canzawa. Tambayi ko jakar na da RSL ko Skyhook, igiyar da ke jawo ta ceto da zarar ka yanke, tawa ta da ba ta da shi. Ko akwai, ka ja mariƙin ƙarhen da hannunka, haka ma Cypres, sai kusan mita 225 take yanke igiya in kana gudun mita 35 a daƙiƙa, wanda ya jira ta ya riga ya yi kuskure uku.

Lambobin da za ka haddace, da mita tunda da ita muka saba, amma ka duba agogon hayar ko ƙafa yake ƙirgawa, wannan ya ruɗa mutane da yawa. A tsarin USPA mai lisansi A ba ya buɗewa ƙasa da ƙafa 3000, kamar mita 900, mai B zuwa sama ƙafa 2500, kamar mita 760. Kai mai komawa buɗe a mita 1200 ko sama, ka samu lokaci. Tsayin yanke shawara ga ɗalibi da mai A mita 760 ne, ga masu manyan lisansi ƙasa da haka, in ka kai nan laima ba ta gyaru ba ka yanke, babu sake gwadawa. Ni na ɗauki 760 duk da brebena. Ƙasa da mita 300 kuma ba a yankewa, sai dai a ƙara ta ceto a samu yadi bisa kai. In ka nemi mariƙi ba ka samu ba ko ya ƙi hitowa, gwaji biyu ne, na uku ta ceto. Igiyoyi sun murɗe, buɗa su da hannu kana harbin iska da ƙafa, ido na kan agogo. Laima biyu sun buɗe tare, ka sa malami ya bi da kai kowane hali, wanda suka rabu suka nuhi ƙasa shi ne ake yanke babbar nan take.

Kada ka raina mirginawa. Ƙafa haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tahin ƙafa, gehen ƙwauri, cinya, ɗuwawu, gehen baya. Yi ta daga kan benci har sau goma, ƙashin ɗan shekara 45 ba ya yahiya. Daga nan ka sa a nuna maka hoton hilin daga sama, ina wayoyin lantarki, ina hanya, ina za ka sauka in ba ka kai ba, ta wane hannu ake zagayowa.

Ranar tsalle

Zaɓi jirgin sahe, iska kwance, rana ba ta fara tada guguwa ba. Mu mun san guguwar rani da ke ɗaga leda da kara a bakin Gulbin Maradi, irinta in ta kama laima kusa da ƙasa naɗe ta take. Iyakar iskar ɗalibai a USPA mil 14 ce a awa, kamar kilomita 22, ka ɗauke ta taka ko da ƙwararru na hawa. Kunna na'urar ceto a nan hilin da za ka sauka, ka tsaya ka ga ta gama ƙirga. Sai dubawar uku uku, zobba uku, maɗauri uku wato ƙirji da cinya biyu, mariƙi uku, kamin ka sa, kamin ka hau, da kamin a buɗe ƙofa, kuma ka ce ma wani duba mini allurar baya, wadda ke riƙe jakar a ruhe. Maɗaurin ƙirji ka bi shi da yatsa ka ga ya ratsa ƙarhen daidai. Tambayi jerin hita da daƙiƙa nawa za ka bari tsakaninka da na gabanka, yanzu akwai masu rigar fiffike da masu tashi a karkace da ba mu saba da su ba a da.

Tsoro zai zo, ni a mita 2000 bakina ya bushe ƙaf ina ta karanta abin da ya sawwaƙa, ina tambayar kaina mi ya kawo ni na bar shago. Ja numfashi a hankali ka bi tsarin tsallen a kai. Tsarin kuwa ya zama mai sauƙi har ya ba ka kunya: hita, banƙare, duba agogo, taɓa mariƙi sau uku, juya dama, juya hagu, duba agogo duk daƙiƙa biyar don kowace biyar da rabi mita 300 ce ta tahi, kaɗa hannu, buɗe. Babu kamara a kai, babu tsayuwa da ka, babu shiga rukuni. In ka birkice ka kasa daidaituwa kuma tsayi ya yi, buɗe a haka, buɗewa a kan lokaci ta hi buɗewa da kyau.

Laima ta buɗe, duba gabanka tukuna kada ka yi karo da wani, sannan tambaya uku, ta yi kusurwa huɗu, tana tahiya miƙe, tana jin linzami. Saki linzami, juya dama, juya hagu, ja birki har ƙasa. Tunda ka buɗe da tsayi yi gwajin birki sau biyar ko shida ka ji inda take ɗagowa. Zagayen sauka kamar yadda ka sani, mita 300 kana bin iska, 180 ka gicciya, 90 ka huskanci iska, daga nan babu babban juyi ko da ka ga za ka wuce inda ka so, fiffike a daidaice ya hi huskantar iska muhimmanci. Kalli gaba ba ƙarƙashin ƙafarka ba. Ni na ja birki da wuri, kamar mita biyar sama, idona ya yi mini ƙarya, na tuna ba a saki sai na riƙe a nan na ƙarasa na mirgina, na tashi da ƙasa har cikin baki, gwiwa lahiya. Da 150 ce a kaina da wani labarin ake yi. In sun ba ka rediyo karɓa, ba abin kunya ba ne.

Bayan na farko

Zauna da malami ku kalli bidiyo, ya sa hannu a karne. Na biyu da na uku su ne masu haɗari don daɗi ya dawo kana jin kai ne na da. Tsalle uku a yini sun isa a kwanakin farko, gajiya na zuwa ba sallama, ka sha ruwa. Yi biyar kai kaɗai ko da malami, sannan mutum biyu, kuma kamin rukuni ka tabbatar kana iya nisanta da mutane a miƙe kamin buɗewa. In akwai kwas na tuƙin laima shiga, shi ne kuɗɗin da na hi jin daɗin kashewa, an sa mu hita a mita 1500 muna gwada igiyoyin baya da juyi cikin rabin birki, abubuwan da a da ba wanda ya koya mana. Naɗin laima ma sake koyo gaban mai naɗi, kada ka manta ka ɗana ƴar laimar nan mai jawo babbar. Rage girma kuwa mataki ɗaya ɗaya, 230 zuwa 210 zuwa 190, kowane sai ka sauka a tsaye inda ka nuna sau da yawa, da iska da babu iska. Ni na yi tsalle 14 a wannan tahiya na tsaya a 210.

Matsalarmu ƴan Maradi ita ce kana dawowa gida ƙirgen kwana 60 ko 90 ko 180 ya fara, kuma da wuya ka koma kamin ya cika, don haka duk zuwa ka sa tsallen bita da malami cikin lissahi, kuma duk zuwa ka fara da laimar da ta hi wadda ka bari girma. A gida ina sa jakar sau ɗaya a wata in taɓa mariƙai a jere, yara na dariya. Ajiyarta kuma na canza, na ciro babbar laimar na sassauta ta cikin jakar yadi, na cire robobin, na sa a ɗakin da ya hi sanyi nesa da taga don rana na cin yadin, sama da ƙasa saboda gara da ɓera da damshin damina, kuma na hidda batirin sola daga ɗakin gaba ɗaya, ruwan batir ko ɗigo ɗaya ya taɓa ɗamara ya gama da ita ba tare da ka gani ba.